Na Daina Shan Ruwa Kafin Nutso Saboda Tsoron Fitsari

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan Zariya ne, karatu ya kawo ni Aberdeen ta ƙasar Scotland, aiki ya riƙe ni. Bara na shiga ƙungiyar masu nutso a teku, na tara kuɗi na sayi busasshiyar riga, irin wadda ruwa ba ya shiga cikinta. Damuwata fitsari. Da na yi minti 20 a ƙasa sai marata ta cika fam, ga zif a rufe, ba damar yin komai sai an hau jirgi. Shi ya sa na daina shan ruwa tun daren jajiberin fita, ko shayin safe ba na taɓawa, amma kullum da ciwon kai nake dawowa. Wani abokin nutsona ya sa na sayi bawul ɗin fitsari da ake dasawa a cinyar riga, mai fitar da fitsari waje ta tiyo. Wata biyu ke nan yana cikin kwalinsa. Tsoron huda rigar nake ji. Na gwada kororon da ake sawa a gaba a haɗa da tiyon sau ɗaya a gida, ya cisge min gashi kuma bai zauna ba. A watan Yuli za mu tafi Scapa Flow, wani mashigin teku a tsibiran Orkney da ke arewacin Scotland, na mako guda. In dasa ko in haƙura? Kuma ina matsayin tsarkina da sallata? Wallahi nauyin tambayar 'yan ƙungiyarmu nake ji.

Ƙaninka a Aberdeen

Wa alaikumus salam ƙanena. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka yau zan kira komai da sunansa, ka yi haƙuri da bakin yayanka.

Kafin mu taɓa kwalin nan, ka koma shan ruwa. Daga yau. Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka ke nan, ba bawul ba. Kana tsammani idan ka hana cikinka ruwa ƙodarka za ta yi shiru, ita kuwa ba da kai take shawara ba. Da mutum ya shiga ruwa har wuya, ruwan yana matse ƙafafu da ciki, jini ya taru a ƙirji. Sanyi ya ƙara tsuke jijiyoyin fata, ya koro wani jinin ciki. Zuciya ta ji ta cika, sai ta aika wa ƙoda cewa ruwa ya yi yawa a jiki, a rage. Ƙoda ta hau aiki. Ko ka sha ko ba ka sha ba, fitsarin zai zo. Bambancin kawai shi ne wanda ya sha daga rara ake ɗiba, kai kuwa daga jari. Ga iskar tukunyar bayanka da kake shaƙa busasshiya ce ƙayau, kowane numfashi yana tafiya da ɗan damshin jikinka. Ga gumin da kake yi a kan jirgi cikin rigar ɗumi kafin a ce a faɗa. Ciwon kan da kake dawowa da shi ba zan yi mamaki ba idan daga nan yake, ko da yake riƙe numfashi don tattalin iska shi ma yana kawo shi. Kuma duk inda ake koyar da nutso ana lissafa ƙarancin ruwa a jiki cikin abubuwan da ake gudu saboda ciwon kumfar jini, wanda iskar naitirojin ke haddasawa idan ta kasa fita daga jiki a hankali lokacin hawowa. Wato don gudun jiƙa wando kana wasa da lakarka. Wannan ciniki bai yi ba.

Amsar tambayarka ta farko: ka dasa. Da a ce nutson minti 30 kake yi a bakin gaɓa ka fito ka ruga banɗaki, da na ce ka bar rigarka lafiya. Amma Scapa Flow ka ce. Jiragen yaƙin Jamus ne kwance a can tun 21 ga Yunin 1919, ranar da Admiral Ludwig von Reuter ya ba da umarni matuƙansu suka nutsar da su da hannunsu, 52 daga cikin 74 suka tafi ƙasa. An ciro mafi yawa daga baya, manya bakwai suka rage, su ake zuwa gani. A cikinsu, Cöln tana zurfin wajen mita 36, Markgraf ta kai mita 45. Ruwan ko a tsakiyar bazararsu bai cika wuce digiri 12 ko 13 ba. Irin wannan zurfin, bayan ka gama kallo, sai ka rataye a igiya kana jiran jikinka ya sauke iska, kuma a nan ne mara take tashi da rigima, lokacin da ba ka da abin yi sai kallon agogo. Na ga mutum ya yanke wannan tsayuwar ya hau sama saboda fitsari ya matse shi. Allah ya kiyaye shi ranar, amma ba kullum ake kwana a gado ba.

To, ciro abin daga kwali ka duba wane iri ka saya, don iri biyu ne kuma ba a bi da su hanya ɗaya. Akwai mai sauƙi: tiyo ne da kai mai ƙusa ko murfi da kake murɗawa ka buɗe, ka murɗa ka rufe. Akwai kuma mai daidaita matsi. Shi za ka ga wani ɗan ƙullutu ko reshe a jikinsa ta ɓangaren da ke cikin riga, a ciki akwai 'yar roba mai kama da bakin agwagwa, tana barin iskar cikin riga ta shiga tiyo amma ba ta barin komai ya fito. Amfaninta sai ka tuna karatun farko da aka yi muku. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara matsi kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya. Iskar da ke cikin rufaffen wuri tana komawa rabi a mita 10, kashi ɗaya cikin huɗu a mita 30. Idan tiyon nan cike yake da iska, bakinsa na waje a rufe, to da ka fara sauka iskar za ta tsuke, kuma abu mai laushi ɗaya ne a ɗaya ƙarshen da za ta ja. Ka gane ko sai na ƙara bayani? Shi ya sa mai amfani da iri na farko dole ya yi ɗan fitsari a saman ruwa kafin ya nutse, ya kori iskar, tiyo ya cika da ruwa, tunda ruwa ba ya matsuwa. Mai daidaita matsi ya ɗauke maka wannan wahalar. In mai sauƙin ka saya kuma shagon zai karɓa, ka mayar ka cika kuɗi. Araha ba ta ado, balle a wannan wurin. Halcyon da Light Monkey da Si Tech duk suna yin mai daidaitawa, ba talla nake musu ba, su ne dai za ka fi gani a cinyoyin mutane a kan jirgi.

Batun huda riga, tsoronka yana kan hanya. Shawarata ka kai shagon da ke gyaran irin rigunan nan su dasa maka, musamman idan garantin rigar bai ƙare ba, don wasu kamfanonin suna janye hannu da zarar ka huda da kanka. Mai shagon ya dasa ɗaruruwa, ba zai ko ɗaga ido ya kalle ka ba. Amma wurin da za a dasa kai za ka zaɓa, kada ka bar wa kowa. Ka sa rigar ɗumin da kake nutso da ita, ka ɗora busasshiyar a kai, ka rufe zif, ka sa safar hannunka mai kauri. Sai ka kai hannu cinya, gaba-gaba zuwa ciki kaɗan, inda yatsunka ke isa ba tare da ka dunƙule ba. Ka tsuguna, ka miƙe, ka kwanta rub-da-ciki ka lanƙwasa gwiwa yadda kake yi a ruwa. Wurin kada ya hau kan ɗinki, kada ya shiga ƙarƙashin aljihu ko facin gwiwa, kada ya zama inda cinyoyi ke gogar juna ko inda igiyar da ke ratsa tsakanin ƙafafu take bi. In ka samu, ka yi alama da alli.

Idan kuwa ka nace da kanka za ka yi, abu ɗaya nake roƙonka: ka tura guntun katako cikin ƙafar rigar kafin ka buga abin huda. Na san wanda ya manta, ya huda gaba da baya a bugu ɗaya, ya tashi da rami biyu da bawul ɗaya. Girman ramin na takardar da ta zo da bawul ɗin ne, ba na ido ba. Ka goge wurin ya fita tas, ka shafa gam ɗin da takardar ta ce, ka ɗaure ciki da waje daidai wa daida, kada ka murɗe har yadin ya tattare. Ka bar shi ya kwana ya wuni. Sannan ka gwada a wurin wanka ko ruwa mara zurfi, ka ga ko cinyarka ta jiƙe, kafin ka kai shi inda za a yi kuka.

Yanzu ga inda aikin yake, wato kororo. Mafi yawan abin kunyar da ake ba da labari a kan bawul, in ka bi diddigi, ba laifin bawul ba ne, a nan aka yi sake. Kororon nan ba don masu nutso aka ƙera shi ba, kayan asibiti ne na maza masu yoyon fitsari, mu aro muka yi. Roba ce ta silikon mai gam a ciki, da ɗan hanci a ƙarshe inda tiyo ke shiga. Yana da lamba kamar takalmi, ana auna faɗi da milimita, daga wajen 25 zuwa 41 a irin wanda masu nutso suka fi saye. Kamfanonin suna ba da wata 'yar takardar awo mai yanka-yanka. Ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa ka auna, jiki a sake, kuma ka faɗa wa kanka gaskiya. Ba wanda zai duba lambar. Maza da yawa girman kai ke sa su ɗauki babba, ya tattare, fitsari ya bi ta cikin tattarar ya fito. Ƙarami kuma ya shaƙe ka. Ka tuna ma sanyin Tekun Arewa ba ya ƙara wa kowa komai. Ka nemi mai faɗin gam, wanda gam ɗinsa ya rufe kusan duk tsawon robar, kamar Wideband. Ka sayi biyu-biyu na lamba biyu ka gwada kafin ka sayi kwali guda.

Cisgar gashin da ka sha, maganinta yana cikin abin da aka koya mana tun muna yara: aske gaba, kada a wuce kwana 40. Turawan ƙungiyarku sai an zaunar da su an lallashe su kafin su yarda, kai ka riga su. Kaciya ma ta rage maka rabin aiki, su marasa ita sai sun yi dabara. Sai dai kada ka yi askin a safiyar nutso. Reza tana barin ƙananan yanka da ido ba ya gani, gam ya hau kai, gumi ya biyo, ka wuni kana susa a cikin rigar da hannu ba ya shiga. Ka yi kwana biyu kafin tafiya, har da gashin da ke hawa jikin gaban kansa, shi ne mai cin amana. Da safe ka wanke da sabulu mara mai, ka ɗauraye, ka bushe sarai. Kada basilin ko wani man shafawa ya kusanci wurin. Na san mu da fata mai saurin yin furu-furu a sanyin ƙasar nan, hannu ya saba da kai mai ko'ina bayan wanka. Ranar nutso ka tsallake nan, kuma ka wanke hannun da ya shafa man kafin ka taɓa robar. Ina kyautata zaton abin da ya hana naka zama ke nan.

Wata 'yar dabara: ka sami takarda ka yanke rami a tsakiya, ka zura, ta danne sauran gashin mara, in ka gama ka yage ta. Sai ka ɗora kororon a kai, ka bar ɗan fili kamar faɗin yatsa tsakanin kan gaba da hancin robar, ka warware shi a hankali zuwa gindi, ba tattara, ba kumfar iska. Ka dunƙule hannu a kai ka riƙe kamar rabin minti, ɗumin hannu ne ke sa gam ya kama. Ka yi wannan a masauki, cikin ɗumi da natsuwa, ba a banɗakin jirgi mai tangaɗi ba, yatsu sun ƙage, wani yana buga ƙofa. Kuma ko da wasa kada ka ƙara masa ƙarfi da kyauro ko salatif da ka naɗe zagaye ka matse. Jini yana bukatar hanya, jiki kuma yana canza girma a wuni.

Bari in ba ka labarin kaina, don ka san ba daga littafi nake karanto maka ba. Fitata ta farko da bawul, na yi duk abin da na lissafa maka, ina ta jin kaina. Abin da ban duba ba shi ne hanyar tiyo. Na bar shi ya bi ƙarƙashin robar ƙugun wandon ɗumi, da na ɗaure ɗamarar dalma sai ya lanƙwashe a daidai hancin kororo, kamar yadda ake naɗe tiyon ban-ruwa a lambu in ana son tsayar da shi. Muna wajen mita 30, na buɗe murfi, na saki jiki gaba ɗaya irin na wanda ya yarda da kayansa. Na ji abu yana kumbura kamar balan-balan. Kafin in ce me ke nan, sai ɗumi ya bazu daga mara zuwa cibiya, da yake a kwance nake ya gangaro har ƙirji. Minti biyu na farko, in faɗa maka gaskiya, har da daɗi. Daga nan sanyi ya karɓi aiki. Rigar ɗumi iska take riƙewa, da ta jiƙe ta tashi daga aiki, ruwa kuwa yana kwashe zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. Na yi tsayuwar igiya haƙorana suna kaɗawa a jikin abin shaƙa. Da muka hau jirgi na ƙi buɗe zif, na ce sanyi nake ji. Wani dattijo ɗan Glasgow ya dube ni ya dubi yadda nake tafiya, ya miƙo min kofin shayi, ya ce shi sau uku ta same shi. Ashe kusan kowa a jirgin yana da irin labarin, har gasa suke yi da shi. Mutanen da kake jin nauyin tambaya ke nan.

Abin da na koya ranar: hancin kororo yakan yi tsawo, ka rage shi da almakashi yadda bakin tiyo zai shige har kusa da gindinsa, kada a bar roba mai laushi a tsakani da za ta iya naɗewa ko murɗewa. Wasu suna fuskantar da gaba sama, tiyo ya yi baka mai faɗi ta saman ƙugu ya gangara cinya. Wasu ƙasa suke bi kai tsaye. Kowanne yana yi, muddin ba lanƙwasa mai kaifi, ba kuma ja idan ka buɗe ƙafa ko ka hau tsanin jirgi. Yawancin rigunan ɗumi suna da ɗan rami a cinya don wannan, in babu ka sa tela ya buɗe ya daje bakin. Idan ka sa mahaɗi mai ɓallewa a tsakiya, wanda ke ba ka damar cire riga ka bar kororo a jiki, ka tabbata ka ji ƙarar shigarsa, ƙas, ka kuma ja shi kaɗan. Irin mai rufe kansa in bai shiga daidai ba toshe yake, sakamakon kuwa irin nawa ne.

Ka yi gwajin farko a gida. Ka sha ruwa sosai, ka sa komai har da ɗamara, ka tsaya a bahon wanka ka yi. Za ka ga wani abin mamaki: jiki zai ƙi. Tun kana ɗan shekara biyu ake horar da kai kada ka yi fitsari da tufafi a jikinka, ba zai manta a rana ɗaya ba. A ruwa ma haka za ka sha fama da farko, balle kana kwance. Ka tsaya cak, ka riƙe wani abu, ka ɗan sauke gwiwoyi, ka saki numfashi. Kada ka yi yunƙuri. Ka fara da kaɗan, ka saurari jikinka. In ka ji yana tafiya salin-alin, ka ci gaba. In ka ji kumburi ko turjiya, ka tsaya nan take, ka duba murfi a buɗe yake, ka motsa ƙafa ko tiyon zai warware. Kuma kada ka jira sai mara ta cika ta batse, don a lokacin ba ka da linzami, ƙarfin zubar kaɗai yana iya ɓalle gam. Kaɗan-kaɗan, akai-akai. Mai bawul mai sauƙin nan ya rufe ƙusarsa da ya gama, kada ruwan teku ya biyo hanya. Sannan ladabi: ka rufe murfi kafin ka hau jirgi, kada ka bi dandamali kana ɗiga inda mutane ke ajiye abin rufe fuska, kuma in abokin nutsonka yana bayanka daf, ka ɗan kauce gefe.

Cirewa a ƙarƙashin ruwan ɗumi ake yi, da sabulu, ana naɗe shi baya sannu-sannu. Kada ka fizge. Akwai audugar narkar da gam a kantin magani, ka saya, mako guda kana sawa kana cirewa fata za ta gode maka. Kowane kororo sau ɗaya ake amfani da shi, kuma ba a kwana da shi.

Wankin tiyo shi ne abin da mutane suka fi yi wa kasala, shi ne kuma ke kai su asibiti. Richard Harris, likitan nan ɗan Ostareliya da duniya ta sani a 2018 lokacin ceton yaran da suka maƙale a kogon Tham Luang na Tailan, tun 2009 ya yi rubutu a mujallar likitocin nutso a kan illolin wannan bawul: ciwon mafitsara, iska ta shiga mafitsara mutum ya riƙa fitsari da kumfa, da matsewar gaba. Dalilin ciwon a fili yake. Tiyo mai ɗumi da damshi da ragowar fitsari, an naɗe shi a jaka mako biyu, gonar ƙwayoyin cuta ce, kuma in matsi ya juya abin da ke ciki jikinka yake komawa. Ka sayi babban sirinji mara allura, mai cin mililita 50 ko 60. Duk ranar da ka yi nutso, kafin ka ci abincin dare, ka tura ruwa mai tsabta ta bakin tiyo sau uku ko huɗu har ya fito ta waje. Ka bi da ruwan khal da aka sirka, shi ke narkar da gishirin fitsari da ke daskarewa ya hana 'yar bakin agwagwar nan rufuwa, har ta fara yi maka yoyo a cikin riga. Ka bi da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin wanda masu bawul ɗin suka yarda da shi, ka ɗauraye, ka rataye ya tsane. Kafin fita ta gaba, in ya daɗe a ajiye, ka sake ɗaurayewa. Ba a aron riga mai bawul a haɗa da jiki, kuma wanda ya sayi ta hannu ya canza tiyon.

In ka ji zafin fitsari, ko yawan zuwa, ko ciwon mara da kwiɓi, ko zazzaɓi, ko ka ga jini, ka je wurin likita a ranar, in dare ne ka kira 111, layin neman shawarar likita. Ka gaya masa kana amfani da bawul, ka kwatanta masa, don ba kowane likita ya taɓa jin labarinsa ba. Na san abin da ke hana namiji Bahaushe zuwa: kada a ce ciwon sanyi ne, a fara kallonsa. In kana da iyali ka nuna mata kayan tun yau, ta san me ke cikin jakar. Amma ka rarrabe wannan da wani abu dabam. Idan bayan nutso fitsari ya ƙi fita sam, ga ƙafafu sun yi nauyi ko suna dindiris, ko baya ya riƙe kamar an ɗaura ɗamara, kada ka tsaya zargin kororo. Alamar kumfa a laka ce. Ka gaya wa mai jirgi nan take, a sa maka iskar oksijin, a kira masu tsaron gaɓa ta tasha 16 a rediyon jirgi ko 999 a waya. Akwai ɗakin matsin iska na jinyar masu nutso a Stromness, nan kusa da inda za ku, akwai kuma a Aberdeen.

Tsarki kuwa, na ji daɗi da ka tambaya, duk mun taso da jin hadisin kaburbura biyu da wanda ba ya kiyaye fitsari. Ka duba da kyau za ka ga bawul ya fi kusa da tsarki a kan abin da kake ciki yanzu. Fitsarin yana bin roba ya fita teku, bai taɓa tufarka ba. Wanda ke matsewa har ɗigo ya kuɓuce masa a rigar ɗumi, ko mai sa famfas na manya, shi ne ke fitowa da najasa a jiki. Ban raina famfas ba, yana fitar da mutum kunya, mata masu nutso da yawa da shi suke yi, wasu kuma da wata roba mai suna She-P da ake mannawa da gam. Alwala dai ta warware, wannan ba gardama. Abin da nake yi shi ne ba na salla da kororo a jikina, tunda akwai ragowar fitsari a hancinsa. Ina cirewa, in yi tsarki da ruwa, in duba wandon ciki, in da shakka in canza, sannan in yi alwala. Jiragen Scapa da safe suke fita, a yi nutso biyu, a dawo da rana tsaka ko yamma kaɗan. A Yuli rana ba ta faɗuwa a Orkney sai wajen goma na dare, lokacin azahar yana da faɗi ƙwarai, sau da yawa za ka dawo masauki ka yi wanka ka same ta. Ranar da jirgi zai daɗe, ka tafi da kororo na biyu da gorar ruwa da wando a leda, ka cire tsakanin nutso biyu. Kai matafiyi ne kuma, batun haɗa azahar da la'asar ka zauna da limaminku na Aberdeen kafin tafiya, ka faɗa masa yadda abin yake ba tare da kwana-kwana ba, ya ba ka fatawa a kan abin da ya ji.

Tsakanin yau da Yuli ina so ka yi gwaji biyu a baho, da nutso uku ko huɗu mara zurfi da bawul a haɗe, kada Markgraf ta zama wurin koyo. Kwana shida, nutso biyu-biyu, ka ɗauki kororo 15, don wani zai lalace a hannunka wajen sawa, wani kuma za a roƙe ka a jirgi. Ka ajiye su a cikin jakar tufafi inda ba zafi ba damshi, ba a aljihun rigar nutso ba. Almakashi da sirinji da audugar gam su shiga leda ɗaya. Da safe ka sha shayinka, ka cika gora ka hau jirgi da ita.

Ka rubuto min in kun dawo, ina son jin yadda ka ga Cöln. Ka gaida mutanen Zazzau in kun yi waya.

Yayanka